Ra'ayi: Kada tsofaffin baburanmu su ƙare a kan sikelin 'yan gwangwan

A garuruwa da ƙauyukan kudancin Kano, daga Kwanar Dangora zuwa Bebeji da Kiru, har Tudun Wada da Doguwa, tsofaffin gidaje da dama suna da babur guda da aka jingine a lungun zaure ko a bayan rumbu. Tayoyi sun sace, kujera ta yage, ƙura ta rufe tanki, wani har kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa. Wani Yamaha ne, wani Suzuki, wani Kawasaki, wata kuma Vespa ce irin ta malaman makaranta. Masu su sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Ranar da aka zo rabon gado, ko kuɗin taki ya gagara, sai a kira ɗan gwangwan ya ɗora a sikeli, ya biya kuɗin ƙarfe. Kafin azahar an farfasa shi, alminiyam gefe guda, wayar tagulla gefe guda, baƙin ƙarfe gefe guda.

A ganina wannan ciniki asara ce, kuma asarar ta wuce gidan da ya sayar. Baburan nan su ne suka buɗe karkarar kudancin Kano kafin kwalta ta iso, a jikinsu ne kuma gwanayen makanikan yankin suka koyi sana'a. Idan muka bari suka ƙare, za mu rasa shaidar tarihi, mu kuma rasa makarantar da ta fi kowace sauƙi wajen koya wa yaro yadda inji yake aiki. Abin da nake kira a kai shi ne a ceto waɗanda suka rage, a gyara su gyara na gaskiya, a hau su da ladabi, tun tsofaffin da suka san sirrinsu suna raye.

Wane irin inji ne wannan?

Mafi yawan tsofaffin baburan nan suna da injin da makanikai ke kira tu-sitirok, wato mai bugu biyu. Bambancinsa da injin Boxer da sauran baburan yau mai sauƙin fahimta ne. A cikin kowane injin fetur akwai fistin da ke hawa da sauka a cikin silinda. A inji mai bugu huɗu, sai fistin ya yi tafiya huɗu kafin wuta ta tashi sau ɗaya: ya sauka ya zuƙi mai da iska, ya hau ya matse su, filogi ya kunna su su tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Bawul ne ke buɗewa da rufewa don tsara wannan aiki, shi ma da nasa kayan da ke juya shi.

Mai bugu biyu kuwa, hawa ɗaya da sauka ɗaya ya gama komai. Ba shi da irin wancan bawul, ba shi da sarƙar taimin. Ramuka ne a jikin silinda, fistin da kansa yake buɗe su yana rufewa. Tun da wuta na tashi a kowane juyi, ƙaramin inji yana ba da ƙarfin da ya fi girmansa, kuma babur ɗin bai cika nauyi ba, yawancinsu a kewayen kilo 100 suke. Wannan ne ya sa in ya kafe a laka, mutum ɗaya ke iya ciccibo shi.

Sai dai akwai sharaɗi. Fetur da iska suna fara bi ta ɗakin karanshaf kafin su hau sama, don haka ba a iya tara baƙin mai a can kamar yadda ake yi a Boxer. Dole man shafawa ya shiga tare da fetur, ya shafi boris da fistin, ya ƙone tare da shi. Duk wanda ya taɓa haɗa mai a ƙaramin janareta Tiger ya san wannan tsari. Nan ne shuɗin hayaƙin yake fitowa, da wannan ƙara mai kaifi da tsofaffi ke ganewa tun daga nesa.

Yadda suka shigo karkararmu

Babur ya zama abin hawan ma'aikaci a Arewa ne a tsakiyar shekarun 1970. Bayan rahoton kwamitin Udoji na 1974, da aka biya ma'aikata ƙarin albashi da ariyas, malamin firamare da akawu da malamin asibiti sun ajiye keke sun sayi mashin. A Legas, kamfanin Boulos yana haɗa Suzuki, Yamaco na rukunin John Holt yana haɗa Yamaha. A wannan lokacin ne aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya fara sauya fuskar wannan yanki.

Amma ƙasar kudancin Kano ba irin ta arewacinta ba ce. Damina ta fi tsawo, ruwa ya fi yawa, rafuka kan cika su raba ƙauye da ƙauye a watan Agusta, ga duwatsun Riruwai inda ake haƙar kuza tun zamanin Turawa. Kwanar Dangora mahaɗa ce a kan titin Kano zuwa Zariya, kuma ta wannan yanki ake karkata zuwa Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore, a wuce Doguwa zuwa Saminaka da Jos. Da ka sauka daga manyan hanyoyin nan, a wancan zamanin, sai burtali da turbar ƙafa. Vespa mai ƙananan tayoyi ba ta da abin yi a nan. Wurin na babura masu dogayen ƙafa ne.

Irin waɗannan babura suna da asali. A 1968 Yamaha ya fito da DT-1 mai inji 250cc, wanda aka ƙera don ya bi kwalta ya kuma shiga daji, daga baya ƙannensa DT125 da DT175 suka biyo. Suzuki ya fito da jerin TS. A 1973 Yamaha ya ƙera AG100 don manoma da makiyayan Ostireliya, aka rufe sarƙarsa ruf don kada laka ta shiga, aka sa masa mazaunin kaya gaba da baya. Dukkansu masu bugu biyu ne, kuma sun yi suna a ayyukan karkara a faɗin Afirka.

Da aka kafa hukumar KNARDA a farkon shekarun 1980 da tallafin Bankin Duniya, tsarinta ya dogara ne ga malamin gona ya je wurin manomi a gonarsa, a kai a kai. Ba da mota ake wannan aiki ba. A bayan babur irin masara na zamani da bayanin yadda ake zuba taki suka isa ƙauyukan Tudun Wada da Doguwa, waɗanda yau ake lissafa su cikin rumbunan hatsin jihar. Haka akwatin allurar rigakafi, haka mai duba makarantu, haka ma'aikatan da suka yaƙi kurkunu har aka tabbatar da Najeriya ta rabu da shi a 2013. Wanda duk ya girma a ƙauye ya san cewa ƙarar babur ɗin malamin gona ita ce alamar gwamnati ta tuna da ku.

Abin da ya kawar da su

Gaskiya ɗaya ce, kuma dole a faɗe ta: ba zalunci aka yi wa waɗannan babura ba, zamani ne ya wuce su. A inji mai bugu biyu na da, ramin shigar mai da ramin fitar hayaƙi sukan kasance a buɗe tare na ɗan lokaci, sai wani kaso na fetur ya fice ta salansa bai ƙone ba. Wannan asarar kuɗi ce ga mai babur, guba ce kuma ga mai shaƙa. Mutanen Kano ba su manta da shekarun 2000 ba, lokacin da Jincheng AX100, wadda aka kwaikwayo daga Suzuki AX100 kuma ita ma mai bugu biyu ce, ta cika tituna. Da magariba, a mahaɗar Wapa ko Kofar Nassarawa, hayaƙi kan tsaya a sama kamar hazo, ido na yaji. Da Bajaj Boxer mai bugu huɗu ya shigo daga Indiya, 'yan acaba ba su jira wa'azin kowa ba, lissafin mai ya ishe su. A Janairun 2013 kuma, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka hana acaba a cikin birni.

A duniya ma haka ta faru. Babbar gasar tseren babura ta duniya ta buɗe ƙofa ga injuna masu bugu huɗu a 2002, suka kori masu bugu biyu na 500cc cikin ɗan lokaci. Honda ya daina ƙera manyan baburansa na tseren ƙasa masu bugu biyu bayan 2007. Dokokin hayaƙi a Turai da Amurka da Indiya sun rufe musu kasuwar titi. A nan gida, tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a 2024. Duk wanda ya ce wa ɗan acaban Kiru ya ajiye Boxer ya koma tsohon Suzuki, ba masoyinsa ba ne.

To, in haka ne, me ya sa za a ceto su? Saboda abin da ya daina zama abin neman abinci bai zama shara ba. Doki ya daina zama abin sufuri a ƙasar Hausa tun da daɗewa, amma ba mu bar shi ba. Muna kiwon kaɗan, muna yi musu ado, kuma da su sana'ar dukawa da maƙera da masu ɗinkin kayan doki take raye.

Makarantar da ke neman rufewa

Hujjata mafi ƙarfi tana gareji. Dubi yadda yaro ke koyon gyaran babur a yau. Babur ya ƙi tashi, a cire kafireta a sa sabuwa. Bai tashi ba, a canza kwayil. Bai tashi ba, a canza filogi. Kayan China da Indiya suna da araha, mai babur yana sauri, don haka yaron yakan shekara uku ya fita da ilmin kwancewa da ɗaurawa, ba tare da ya san dalilin da ya sa abin ya lalace ba. Ba laifinsa ba ne, haka kasuwar ta koya masa.

Tsofaffin makanikai ba su sami wannan gata ba, kuma rashinsa ne ya mayar da su gwanaye. Bayan shirin SAP na 1986, da naira ta faɗi, sabon kaya ya gagari talaka, sai dai a gyara na hannu. Bakanike ya koyi sauraren inji ya gane ko ringi ne ya cinye ko boris ne ke kuka. Ya koyi karanta filogi: in bakinsa ya yi ruwan ƙasa, haɗin mai da iska daidai ne, in ya yi baƙi da danshi mai ya yi yawa, in ya yi fari fat iska ta yi yawa kuma inji na dab da kamawa. Ya koyi yanka gaskit da hannu, ya koyi ɗaure sipok ya miƙar da garen taya. Da tsohuwar zuma ake magani, amma zumar nan tana cikin kawunan mutanen da yawancinsu sun haura sittin.

Inji mai bugu biyu shi ne allon farko na wannan karatu. Manyan sassansa masu motsi uku ne kacal: fistin, sandar da ke riƙe shi, da karanshaf. Yaro mai hankali zai iya kwance shi da safe ya ga komai da idonsa, ya mayar kafin la'asar. Kuma ilmin ba na ajiya ba ne. Ƙaramin janareta, injin feshi na goyo, injin yankan itace, da yawancin injunan kwale-kwale, duk wannan tsarin suke bi. Wanda ya iya saita kafiretar DT da kunne ba zai rasa abin yi ba a gefen injin ban ruwa a lambun Tiga. A ƙasashen waje ma fasahar ba ta mutu ba: Yamaha har yanzu yana ƙera YZ125 da YZ250, kuma a 2017 kamfanin KTM na Ostiriya ya fito da masu bugu biyu da kwamfuta ke auna musu mai, waɗanda suka rage sha da hayaƙi.

Gyara na gaskiya

Farfaɗo da tsohon babur ba fenti ba ne. Da yawa sukan fara da fesa wa tanki launi da manna sitika, inji kuwa yana nan da ciwonsa. Tsarin da ya dace ya saɓa wa haka.

Abu na farko takarda. A nemi rasit, a duba lambar inji da ta jikin firam, a yi cinikin a gaban shaidu, in a ƙauye ne da sanin mai unguwa. A zamanin da satar babur ta yi yawa, babur mara asali masifa ce, komai kyansa. Na biyu firam. In ya taɓa lanƙwashewa ko an yi masa walda a wuya, a haƙura a ɗauki kayan jikinsa kawai, don ba a wasa da ƙarfen da rai ke kansa.

Sannan a shiga inji. In silinda ta cinye, masu injin borin za su faɗaɗa ta daidai da fistin na gaba, wanda ke zuwa mataki-mataki, milimita 0.25, sai 0.50, haka har a ƙure. Bayan nan dole a bi da shi a hankali na wasu ɗaruruwan kilomita kafin a ba shi wuta. Abin da aka fi mantawa shi ne robobin da ke toshe gefen karanshaf biyu. In babur ya shekara goma a ajiye, sun bushe. Iska za ta riƙa shiga ta nan, inji ya yi zafi, fistin ya kama. A canza su ko da ido ya ce lafiyarsu ƙalau. A wanke tanki daga tsatsa, a wanke kafireta rami-rami, a kuma kula da soson tace iska. A ƙasar da ƙurar hunturu ke tashi wata uku, babur mara soso kamar ana zuba masa yashi ne da cokali.

Salansa ma tana da nata ilmi. Wannan kumburin da ke tsakiyarta a baburan daji ba ado ba ne. An auna shi ne don ya mayar da man da ya fara ficewa cikin silinda kafin rami ya rufe. Injiniya Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas ne ya gwanance a kai a shekarun 1950, kuma bayan matuƙinsa Ernst Degner ya tsere a 1961 ya koma Suzuki, kamfanin ya lashe gasar duniya ta ajin 50cc a 1962. Saurayin da ya yanke salansa ko ya zare cikinta don a ji ƙara ya rage wa babur ƙarfi, ya ƙara masa shan mai, ya kuma hana unguwa barci. Abin da take buƙata shi ne a fitar da gawayin da ya taru a ciki.

Sai batun mai, wanda shi ne rai. Yawan hayaƙin da muka sani a da, rabinsa laifin hannu ne. Ana zuba baƙin man mota, wani har wanda aka juye daga inji, kuma da ido ake aunawa. Akwai man da aka yi musamman don wannan inji, wanda ake rubuta 2T a jikin robarsa. In kamfani ya ce kashi 1 cikin 50, ma'anarsa mililita 20 a kowace lita ta fetur. In ya ce 1 cikin 25, mililita 40 ke nan. Sirinji mai tsafta ya isa awo. Yawancin Yamaha da Suzuki na wancan zamani suna da ƙaramin famfo da ke auna man da kansa, tsarin da Yamaha ya fara sa wa baburansa a 1964. Makanikai da yawa sun cire shi saboda tsoron ya tsaya. In an cire, to duk mai hawa ya sani, domin cika tanki da fetur zalla sau ɗaya ya isa ya kashe aikin wata uku.

Kayan gyara fa? Ba su ƙare ba. Ana samun wasu a kasuwannin Kano, ana kawo wasu daga Nnewi, cibiyar kayan babur ta Najeriya, wasu sassan AX100 kuma har yanzu ana ƙera su. Sauran suna jikin baburan da ake farfasawa kullum. Babur uku matattu sukan tayar da ɗaya. Shi ya sa kowane wanda ya hau sikeli yana tafiya da rabon wasu.

Hawa da ladabi

Babur ɗin daji yana da daɗin hawa, ba sai an ɓoye ba. Amma a nan ne nake rabuwa da masu ganin kowane fili nasu ne. Turbar da ke tsakanin gonaki hanyar jama'a ce, ta mai jaki da mai tallan nono da 'yan makaranta. Da damina, taya mai ƙuraje tana yanka kunya ta kashe shuka. A burtali, ƙarar inji tana firgita garke, kuma kowa ya san yadda ƙaramin abu ke zama babba tsakanin manomi da makiyayi. Wasan babur da samari ke yi wajen ɗaukar amarya, ana ɗaga ƙafar gaba ana jan birki a cikin taro, ya riga ya sa gidaje da yawa kuka. Wannan ba gwaninta ba ce.

Dajin Falgore kuma ba filin sukuwa ba ne. Gandun namun daji ne da doka ta kare, ya sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, kuma a 2017 rundunar sojin ƙasa ta mayar da wani sashensa wurin atisaye. A lokacin da jihohi irin su Zamfara da Katsina suka taƙaita zirga-zirgar babura a wasu yankuna saboda 'yan bindiga, ayarin samari a kan babura cikin daji na iya jawo abin da ba a shirya masa ba. A tsaya kan sanannun hanyoyi, a fita da rana, a sanar da dagaci da jami'an tsaro.

Hular kwano wajibi ce. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗura ta FRSC ta fara tilasta sa ta, kuma ko babu doka, kai ba shi da kayan gyara. A sa takalmi rufaffe, ba silifa ba. Mai sabon hannu ya kuma san halaye biyu na wannan inji. Ƙarfinsa kan zo gaba ɗaya da zarar juyi ya kai wani mataki, kamar doki ya zabura. Kuma ba ya riƙe kansa a gangara kamar Boxer. A doguwar gangara irin ta wajen Riruwai, birki ne abin dogaro, kuma in haɗin mai ake yi a tanki, a riƙa ɗan taɓa totur, domin rufe shi gaba ɗaya na hana man shafawa isa ga fistin.

Ga masu cewa wannan shagali ne

Wani zai ce, a lokacin da mudun masara ke gagarar magidanci, wa ke da kuɗin lallashin tsohon ƙarfe? Tambaya ce mai nauyi. Amsata ita ce, ba kowa ake nema ya yi ba, kuma kuɗin da aka kashe ba ƙasar waje za su tafi ba. Za su shiga aljihun bakanike, da mai walda, da mai fenti, da mai ɗinkin kujera, da mai borin. Sabon babur kuwa, mafi yawan kuɗinsa na Indiya ne ko China. A Indiya ɗin ma, Yamaha RX100 da aka ƙera daga 1985 zuwa 1996 yau yana da garejin da ba su da aiki sai farfaɗo da shi, kuma mai kyau yana fin kuɗin da aka saye shi sabo. A Indonesiya tsohuwar Vespa ta tara ƙungiyoyi da sana'o'i masu yawa. Magajin da ya sayar da babur ɗin mahaifinsa a kan kilo ya karɓi mafi ƙarancin farashin da abin zai taɓa yi.

Batun hayaƙi ma yana da amsa. Abin da ya shaƙe Kano dubban babura ne suna aiki daga asuba zuwa dare da gurɓataccen mai. Babura ashirin ko talatin da aka saita da kyau, ake fito da su ranar Juma'a ko bayan girbi, ba su ne matsalar iskar Tudun Wada ba.

Abin da ya kamata a yi

Ga iyalai: kafin a kira ɗan gwangwan, a kira tsohon bakanike ya duba. In ba za a iya gyarawa ba, a sayar wa mai gyarawa. A kuma tambayi dattijon da ya hau shi labarinsa, shekarar da ya saya, nawa ya saya, ina da ina ya je da shi, a rubuta ko a naɗa a waya. Babur da labarinsa ya fi babur tsirara daraja.

Ga ƙungiyoyin masu gyaran babur na Kwanar Dangora da Tudun Wada da sauran garuruwa: kowane babban gareji ya ajiye inji ɗaya na koyarwa, kada a yaye yaro sai ya kwance shi ya mayar ya tashi. A kuma yi magana da 'yan gwangwan, su ma 'yan kasuwa ne. In sun san akwai mai biyan fiye da kuɗin kilo, su da kansu za su riƙa kawowa.

Ga makarantun koyon sana'a, irin Kwalejin Fasaha ta Bagauda da ke nan kusa: a gayyato tsofaffin makanikai su koyar, ko da sau ɗaya a wata, a biya su haƙƙinsu. Rashin takardar shaida bai rage musu ilmi ba. Ga masu kula da Gidan Makama kuma, babur ɗin malamin gona ya cancanci wuri a cikin tarihin Kano kamar yadda sirdi da sulke suka samu.

Ga ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa: ba kuɗi ake nema ba, fili ne da izini. Rana ɗaya a shekara, bayan an kai amfanin gona gida, a jera gyararrun babura a filin makaranta, a ba da kyauta ga gyaran da ya fi tsafta da injin da ya fi ƙarancin hayaƙi, ba ga wanda ya fi gudu ba.

Lokaci ne kawai ba ya jira. Ƙarfe yana iya ƙara shekara goma a bayan rumbu, amma bakaniken da ya san shi ba mu da tabbacin haka a kansa. Wanda yake da irin wannan babur a gida, kuma yake da irin wannan dattijo a garinsu, ya haɗa su a wannan rani.